Daga Balan Zuwa Hawai: Yadda Ake Tattalin Ƙarfi A Kan Keke

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Gaya zuwa Wudil da sanyin safiyar Juma'a, ranar da kasuwar Wudil take ci, ya san mutanen nan da suke fitowa daga Balan da ƙauyukan Ajingi, kowa da buhun hatsi ko kejin kaji ɗaure a bayan kekensa. Abin lura game da su shi ne, dattawan cikinsu ba sa gaggawa. Saurayi ya zo ya wuce su a guje, amma sau da yawa kafin a kai gari sai a tarar da shi a gindin bishiya yana haki, su kuwa su wuce da irin takun da suka baro gida da shi.

Wannan dabara da ba a makaranta suka koye ta ba, ita ce masana wasanni suke ta aunawa da na'urori a wata gasa mai suna Ironman. An fara ta ran 18 ga Fabrairu, 1978, a tsibirin Owahu na jihar Hawai ta Amurka, bisa shawarar wani hafsan sojan ruwa, John Collins. Mutum 15 suka shiga, 12 suka kammala. Mutum zai yi ninƙaya ta kilomita 3.8, ya fito ya hau keke ya ci kilomita 180, wato kamar daga Kano zuwa Katsina har da ɗoriya, sa'an nan ya sauka ya yi gudun yada ƙanin wani na kilomita 42, duk a yini guda.

To, a kan keken nan ne akasari mutum yake gyara gasarsa ko ya ɓata ta, ko da yake sakamakon ba ya bayyana sai an sauka. Dalili na farko iska ce. Ƙarfin da mahayi yake bukata don ya keta iska ba ya ƙaruwa daidai da saurinsa, ninkuwa yake yi. Wanda yake cin kilomita 30 a awa, in ya ce zai koma 33, sai ya ƙara wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da yake kashewa a kan iska. Ribarsa a kilomita 180 minti 33 ce kacal. Amma in ƙafafunsa suka sage har gudu ya gagare shi, ya koma tafiya a kilomita 10 na ƙarshe, zai yi asarar kusan awa guda. Ɗalibin lissafi ya gwada da alƙalaminsa ya gani. Ga shi kuma dokar gasar ta hana a laɓe a bayan wani mahayi don ya tare wa mutum iska, kowa tasa ta fisshe shi.

Dalili na biyu yana cikin jiki. Sukarin da tsoka da hanta suke ajiyewa bai fi ya ɗauki mutum awa biyu yana aiki mai tsanani ba, alhali kuwa kitse yana da yawa, sai dai jiki ba ya cin moriyarsa sosai sai ana tafiya a natse. Saboda haka masu horarwa sukan ce mahayi ya tsaya a wajen kashi 70 cikin 100 na ƙarfin da zai iya jurewa na awa guda, ya riƙa ci da sha kaɗan-kaɗan tun bai ji yunwa ko ƙishirwa ba. A hawa ya sauya giya maimakon ya miƙe tsaye yana dannar feda, a gangara kuma kada ya saki ƙafa gaba ɗaya. Mutumin Balan mai tsohon Raleigh ko Phoenix ba shi da giyar da zai sauya, sai in ya iso rairayi ya sauka ya tura. A ganina wannan ba gazawa ba ce, lissafin ɗaya ne.

A Kona, inda aka mai da gasar a 1981, an ga misalin haka ƙarara a 1995. Wani Bajamushe, Thomas Hellriegel, ya sauka daga keke da ratar fiye da minti 13 tsakaninsa da Mark Allen na Amurka, wanda yake da shekara 37 a lokacin. Allen bai yarda ya bi shi a kan keke ba. Da aka shiga gudu ya yi ta rage ratar sannu a hankali, har ya cim masa saura 'yan kilomitoci, ya ci gasar karo na shida.

Maganar ta shafe mu kai tsaye, domin tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ma'aikata da malaman makaranta da ɗalibai da dama sun kakkaɓe kekunansu. Malamin da ya yi tsere da safe don kada ya makara, zai shiga aji jiƙe da gumi, murya a shaƙe, darasin farko ya tafi a banza, kuma gara a ce ya fito minti 15 kafin lokacin da ya saba. Shi ma ɗan kasuwa, isarsa Wudil ba ita ce ƙarshen aiki ba, akwai ciniki na yini guda a tsaye cikin rana.

Sai kuma komawa gida. A lokacin hunturu iska daga arewa maso gabas take kaɗawa, wato mai zuwa Wudil daga Gaya tana bayansa, tana tura shi har ya ɗauka ƙarfinsa ne. Da la'asar in ya juya, ita ce a gabansa da ƙurarta, ga gishiri da manja da ya sayo a bayan keke, kuma daga Gaya akwai sauran tafiya kafin a kai Balan.