Aron Tsohon Yumɓu da Ƙofar Jakada: Zaman Ingila da Iran

Wani mai saurare, falke ne da ke safarar albasa, ya aiko da tambaya. Ya ce kullum yana jin Ingila da Iran suna cacar baki a rediyo, amma sai ya ji wai kowace tana da ofishin jakadanci a babban birnin 'yar'uwarta. To, in ba sa ga maciji, me jakadun ke zaune suna yi? Ga abin da muka faɗa a shirin, mun taƙaita shi saboda mai karatu.

Sai mun fara da tushen rashin yardar, don ba yau aka soma ba. A 1890 sarkin Iran ya ba wani Baturen Ingila ikon sayen duk tabar ƙasar da sayar da ita, shi kaɗai. Ku 'yan kasuwa kun san abin da wannan ke nufi: manomi ba shi da wani mai saye, ɗan kasuwa ba shi da wani mai sayarwa. Malamai da 'yan kasuwa suka haɗa kai, jama'a suka daina shan taba ɗungurungum, dole aka soke yarjejeniyar a 1892. Bayan taba sai man fetur. Kamfanin Turawan Ingila ne ya riƙe man Iran shekara da shekaru, har Firaminista Muhammad Musaddik ya mayar da shi hannun ƙasa a 1951. A 1952 ya yanke hulɗa da Ingila, a watan Agusta 1953 kuma aka hamɓarar da shi da hannun 'yan leƙen asirin Ingila da Amurka. Tun daga nan, in wani abu ya lalace a Iran, za ka sami mai ce maka aikin Ingilishi ne, wani da gaske yake, wani da ba'a.

Shi ya sa ƙofar ofishin jakadancin Ingila a Tehran ta sha buɗewa da rufewa. An rufe ta a 1980 bayan juyin juya halin Musulunci, aka buɗe a 1988, aka sake yanke hulɗa a watan Maris 1989 kan fatawar Ayatullah Khumaini game da marubucin nan Salman Rushdie. An maido da hulɗa a 1990, amma ba a yi musayar cikakkun jakadu ba sai 1999. Hatta sunan titi ya shiga rigimar. A 1981 hukumomin Tehran suka canza sunan titin da ke gefen ofishin, daga sunan Churchill zuwa na Bobby Sands, ɗan Ireland da ya mutu yana yajin cin abinci a kurkukun Ingila. Turawan suka ga ba za su riƙa rubuta wannan suna a kan takardunsu ba, sai suka mayar da ƙofar shiga ta wani titin.

To a cikin wannan zaman doya da manja ne aka yi wani aro da ya kamata ku ji labarinsa.

Akwai wani dunƙulen yumɓu da aka gasa, siffarsa kamar ƙaramar ganga, tsawonsa bai wuce santimita 23 ba. An rubuta shi ne bayan Sarki Kurush na Farisa, wanda Turawa ke kira Sairus, ya ci birnin Babila a shekara ta 539 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A jikinsa sarkin yana bayanin yadda ya gyara wuraren ibada, ya bar mutanen da aka kwaso suka koma garuruwansu. An tono shi a 1879 a kangon Babila, cikin Iraƙi ta yau, aka kai shi gidan adana kayan tarihi na British Museum a Landan. Mutanen Iran suna ɗaukarsa tamkar takardar gadon kakanninsu. Masana da dama dai suna cewa irin rubutun da sarakunan yankin suka saba yi ne in sun ci gari, amma wannan bai rage masa daraja a idon Iraniyawa ba.

A 2005 da 2009 Iran ta ba gidan tarihin na Landan aron kayayyakinta masu daraja don baje koli biyu, ɗaya kan tsohuwar daular Farisa, ɗaya kan Sarki Shah Abbas. Ladan wannan aro shi ne alkawarin za a kai yumɓun Kurush Tehran. Sai aka yi zaɓen 2009 a Iran, rikici ya ɓarke, Landan ta fara jan ƙafa. Daga baya ta ce an gano wasu gutsattsari biyu masu irin rubutun, sai an nazarce su tukuna. Iran ta ce wannan hanya-hanya ce kawai, a watan Fabrairu 2010 ta sanar da yanke hulɗa da gidan tarihin. A Ingila kuma masu tsoro suna cewa in ya tafi ba zai dawo ba.

Makiyayi ya fi kowa fahimtar wannan wuri. Wanda ya san habbanaye ya san ba saniyar kaɗai ake bayarwa ba. Ka ba mutum karsana, ta zauna a garkensa har ta haihu, ya riƙe 'ya'yan, ya maido maka uwar. Babu alƙali a tsakani, babu ɗan sanda. Ranar da ya maido ta, ranar ce aka san ko shi wane ne. Haka aka yi da yumɓun nan. A watan Satumba 2010 aka kai shi gidan tarihin ƙasa na Tehran, Shugaba Ahmadinejad da kansa ya halarci buɗe bajen. An yi yarjejeniyar wata huɗu, jama'a suka yi ta tururuwa har aka ƙara wa'adi. Wasu masu zafin ra'ayi a Iran sun ce a riƙe shi, ai gida ya dawo. Ba a riƙe ba. A watan Afrilu 2011 aka maido shi Landan lafiya lau.

Wannan shi ake kira diflomasiyyar al'adu, wato ƙasa ta nemi shiga zuciyar mutanen wata ƙasa ta hanyar kayan tarihi, koyar da harshe, guraben karatu, wasanni da rediyo. Ku ma ana yi da ku, ko kun lura ko ba ku lura ba. BBC ta fara watsa shiri da Farisanci a ƙarshen 1940, ta fara da Hausa a 1957. Iran ita ma tana da sashen Hausa da ke watso shiri daga Tehran. Wanda ya murɗa akwatinsa da dare a bakin rijiya ya ji wannan ya ji wancan, ai ya ga yadda kowa ke shimfiɗa hajarsa.

Sai dai kar mai saurare ya ɗauka aron yumɓu ya wanke zukata. Wata bakwai kacal bayan an maido shi, Ingila ta haramta wa bankunanta hulɗa da bankunan Iran saboda rigimar nukiliya. Majalisar Iran ta kaɗa ƙuri'ar korar jakada. Ran 29 ga Nuwamba 2011 masu zanga-zanga suka haura katangar ofishin jakadancin da ta lambun Gulhak, inda ma'aikata ke zama, suka farfasa kaya, suka ƙona tuta. Yarjejeniyar Vienna ta 1961 ta ɗora wa ƙasar da ke masaukin baƙi nauyin tsaron ofishin jakada, ko da ana gaba. Ma'aikatar harkokin wajen Iran ta nuna takaicinta, amma aikin gama ya gama. Ingila ta kwashe ma'aikatanta, ta ba jami'an Iran sa'a 48 su bar Landan.

A nan ne amsar tambayar falkenmu take. Aikin jakada na yau da kullum ba jawabi ba ne. Biza ce, sabunta fasfo, tabbatar da takardar aure ko ta makaranta, ziyartar ɗan ƙasa da aka kulle, ɗaukar gawa zuwa gida, miƙa wasiƙar gwamnati hannu da hannu. In aka rufe ofishi, waɗannan buƙatu ba sa tsayawa. Don haka doka ta yarda ƙasa ta damƙa al'amuranta ga wata ƙasa ta uku da ɓangarorin biyu suka amince da ita, kamar dai yadda baƙon falke ke sauka wurin fatoma, shi ya ajiye masa kaya, ya yi magana da yawunsa. Suwidin ta riƙe wa Ingila a Tehran, Oman ta riƙe wa Iran a Landan. Duk da haka ɗan Iran mai neman bizar zuwa karatu, ko tsohuwa mai son ganin jikokinta a Ingila, sai sun yi tafiya zuwa wata ƙasa kamar Turkiyya, su biya jirgi da masauki, su jira. Wanda ya ga yadda aka rufe iyakar Najeriya a 2019 ya san wa ke kwana a bakin shinge in manya suka yi fushi.

Komawar ma taki-taki aka yi ta. A ƙarshen 2013 kowace ƙasa ta naɗa muƙaddashin jakada da ke zaune a gida, yana kai ziyara jefi-jefi. Bayan yarjejeniyar nukiliya ta Yuli 2015, ministan harkokin wajen Ingila Philip Hammond ya je Tehran ya sake buɗe ofishin ran 23 ga Agusta, rubutun zagin da aka yi a bango yana nan ba a goge ba. Cikakkun jakadu sai a Satumba 2016.

Ni a ganina inda abin ya fi ciwo shi ne kan ƙananan ma'aikata. Hukumar British Council, mai koyar da Turanci da shirya harkokin al'adu, ta dakatar da aikinta a Tehran a farkon 2009, ta ce an matsa wa ma'aikatanta 'yan ƙasa lamba har suka ajiye aiki. Iran tana kallon hukumar a matsayin rigar leƙen asiri, Ingila tana musantawa, kuma in ka tuna 1953 ka san me ya sa zargin ke samun masu saye. A 2018 aka kama Aras Amiri, 'yar Iran da ke wa hukumar aiki a Landan, lokacin da ta je gaida kakarta. An yanke mata shekara 10, daga baya kotun ƙoli ta wanke ta, ta koma Ingila a farkon 2022. A 2019 Iran ta haramta duk wata hulɗa da hukumar.

Sai batun Nazanin Zaghari-Ratcliffe, mai takardar ƙasashen biyu, da aka tsare tun Afrilu 2016. Iran ba ta yarda da zama ɗan ƙasa biyu ba, don haka jami'an Ingila ba su da ikon ziyartarta a kurkuku. A gefe guda kuma akwai tsohon bashi: Sarkin Iran ya biya kuɗin tankokin yaƙi tun shekarun 1970, aka yi juyin juya hali, Ingila ba ta kai yawancinsu ba, ba ta kuma maido kuɗin ba. Gwamnatocin biyu sun ce batutuwan ba su da alaƙa. A watan Maris 2022 Ingila ta biya kusan fam miliyan 400, a cikin kwanakin nan aka saki matar, jirgin da ya ɗauko ta daga Tehran kuma a Maskat, babban birnin Oman, ya fara sauka.