Sa a Turke, Kuɗi a Hanya

A kasuwar shanu ta Shinge da ke Lafiya, ciniki yakan faɗa cikin minti biyar, amma biyan kuɗi ya cinye rabin yini. Mai saye ya nuna wayarsa, an cire masa kuɗi. Mai sayarwa ya nuna tasa, babu alat. Dillali yana tsakiya yana cewa "Alhaji, a yi haƙuri", sa kuwa yana turke, bai zama na wancan ba, bai koma na wannan ba. Wanda ya zauna a garin nan daga Janairu zuwa Maris na 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, ya san irin wannan tsayuwa.

Mukan ce netwok ne mu wuce. Sai dai a ƙarƙashin kalmar akwai wata tsohuwar matsala da masana kwamfuta suka daɗe suna fama da ita.

Kuɗin da ke asusunka lamba ce kawai, kuma kwamfutoci da yawa suna da damar taɓa ta. A ce kana da naira dubu 500. Ɗanka ya kai katinka wajen mai POS a titin Jos, kai kuma a daidai lokacin kana tura kuɗin shanu ta waya. Idan kowace na'ura ta leƙa ta ga dubu 500 ta biya, banki ya biya abin da babu. Shi ya sa ake kulle asusun na ɗan lokaci, kamar rijiya mai guga ɗaya: sai mai ja ya gama na baya zai karɓa. A cikin kwamfuta guda wannan ba wuya. Amma idan na'urorin suna warwatse, wata a Legas, wata a wani gari, makullin ba ƙarfe ba ne, saƙonni ne ke kai da komo: ba ni, na ba ka, na saki. Amincin kullen gaba ɗaya yana rataye ne a kan yadda mai karɓa yake yi da saƙon da ya shigo masa.

Saƙo kuwa ɗan aike ne marar tabbas. Yakan makara, yakan ɓace, yakan zo sau biyu, wani lokaci na baya ya riga na gaba isowa. Mu Hausawa mukan ce shiru ma amsa ce. A wajen na'ura ba haka ba ne. Idan wadda ke riƙe da makulli ta yi shiru, ba a san ko mutuwa ta yi ba, ko aiki ne ya yi mata yawa, ko ta amsa ne amsar ta salwanta a hanya. Daga nesa duka ukun kamarsu ɗaya. A ƙwace makullin, wataƙila tana nan tana aiki, hannu biyu sun shiga asusu ɗaya. A ƙyale ta, wataƙila a yi ta jiran gawon shanu.

Maganin farko lamba ce. Tun a 1978 wani masani ɗan Amurka, Leslie Lamport, ya nuna cewa ba a iya dogaro da agogon kowace na'ura wajen gane abin da ya riga wani, gara kowane saƙo ya zo da lambar jeri. Mai karɓa ya ga lambar da ya taɓa gani, ya san maimaici ne, ba zai sake aikin ba. Irin wannan tunani ne ya sa kowace tura kuɗi da ta bi ta hanyar NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankunan Najeriya wanda ya fara turawar nan take a 2011, take ɗauke da lambar shaida mai alƙaluma 30. A nan ne mutane ke cutar kansu. Idan na'ura ce ta sake aiko da saƙo, da tsohuwar lamba take aikowa. Idan kai ne ka ƙosa ka sake dannawa, ka buɗe sabon ciniki da sabuwar lamba, kuma za a iya biya sau biyu. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Magani na biyu shi ne a daina ba da makulli kyauta, a koma ba da shi aro. Tsarin Chubby na kamfanin Google, mai ba da makulli aro, wanda Mike Burrows ya yi bayaninsa a 2006, yana da na'urori biyar, sai uku sun yarda magana take tabbata, kuma aron yakan kai daƙiƙa 12, wanda bai sabunta ba ya rasa. To amma saura ƙiris. Saƙon tsohon mai riƙo zai iya ɓullowa bayan an miƙa makullin ga wani, tamkar takardar hakimin da aka tuɓe ta iso ƙauye bayan an naɗa sabo. Don haka kowane riƙo yana da lambar zamaninsa, saƙon da ya zo da tsohuwa a watsar da shi komai kyan tsarinsa.

Ni dai ban ga laifin na'ura ba idan ta zaɓi jira a kan ta yi kirdado da dukiyar mutane. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda jiran ke faɗawa a kansa. A watan Yuni na 2020 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su warware rikicin POS cikin awa 72. Kwana uku ba komai ba ne a takarda. Amma ga mai doyar da ya taso daga Doma da kuɗin mota ɗaya, kwana uku na nufin ya kwana a tasha, yana riƙe da ɗan guntun rasit ɗin da zai nuna wa banki idan gari ya waye.