Ko Kun Sani?

Ba kowace sankarar baki ce ke sa a yanke ƙashin muƙamuƙi ba. Idan ciwon ya kusanci ƙashin amma bai ci cikinsa ba, likitocin tiyata kan cire gefen sama kawai, wajen da haƙora suke, su bar gindin da kaurin kimanin santimita 1 don kada ya karye. Ta haka fuska ba ta cika sauya kama ba, kuma tauna da magana sukan zo da sauƙi. In kuwa ciwon ya ratsa ƙashin, akan yanke ɓangaren da ya kamu, sannan a ɗauko siririn ƙashin gefen ƙwauri tare da jijiyoyin jininsa a gina sabon muƙamuƙi. Dakta David Hidalgo ne ya bayyana wannan dabarar a Amurka a 1989.