Bawul a Kayan Sauti na Gida: Gaskiya ko Zaƙi?

Kayan sauti na gida sassa uku ne: mafarin sauti kamar garmaho, sai amfilifaya, sa'an nan lasifika. Ita kuwa amfilifaya gida biyu ce, wato na'urar share fage da na'urar ƙarfi. Ta share fagen ce ake yawan sake wa da mai bawul idan ana neman kyautata sauti.

Aikinta ba ƙarami ba ne. Lantarkin da allurar garmaho ke bayarwa yawanci kimanin kashi 5 ne cikin 1,000 na bolt ɗaya, sai an riɓanya shi kamar sau 100 kafin ya yi amfani. Haka kuma, bisa ƙa'idar RIAA ta 1954, ana rage kaurin sauti a ƙara sirantarsa wajen yanka faifai. Na'urar share fage ce ke mayar da kowanne matsayinsa.

Shi bawul kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta. John Ambrose Fleming ya ƙago shi a Ingila cikin 1904, Lee de Forest na Amurka ya ƙara masa wayar da ta ba shi ikon ƙarfafa sauti cikin 1906. Taransisto, wanda aka ƙago a 1947, ya ture shi domin ƙanƙanta da araha da rashin zafi.

To, me ya sa ake komawa gare shi? Dalili shi ne, bawul yakan haifar da wani amo a bisa na asali, mai ninkin kaɗawarsa, tamkar mace da namiji suna rera waƙa ɗaya, muryarta na bisa tasa. Kunne yakan ji wannan a matsayin cika da taushi. Amma fa ƙari ne, ba ya cikin faifan. Ashe ke nan abin da mai saye ke samu zaƙi ne, ba ƙarin gaskiyar sauti ba.

Wanda ya zaɓi zaƙin sai ya kiyaye abu uku. Na farko, dacewa: turjiyar mashigar na'urar ƙarfi ta kai aƙalla ninki 10 na turjiyar mafitar ta share fage, in ba haka ba kaurin sauti yakan raunana. Na biyu, bawul yana tsufa, sai an riƙa sauya shi. Irin su 12AX7, wanda Turai ke kira ECC83, ba su da wuyar samu. Na uku, haɗari: bawul kan yi aiki da bolt 250 ko fiye, kuma lantarkin yakan maƙale a ciki bayan an kashe na'ura, don haka buɗe ta sai gwani.

Daga ƙarshe, bawul ba ya gyara mummunar lasifika ko ɗaki mai amsa kuwwa; waɗannan ya kamata a fara dubawa. Bayan haka zaɓi ya rage ga mai kunne, domin kowa da kiwon da ya karɓe shi.