Zubewar Gashin Mata: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

An shirya wannan takarda domin Hakimai da malamansu na ƙasashen Ngaski da Yauri da Shanga, da sauran garuruwan da ke bakin Tafkin Kainji. Mai yiwuwa ne wani ya ce, ina ruwan Hakimi da abin da ke ƙarƙashin kallabi? Amsa ita ce, maganar ba ta tsayawa a ɗaki. Mace takan tsefe kai ta ga gashi ya cika matsefi, sai zuciyarta ta tafi kan kishiya ko maƙwabciya, ta ce sammu aka yi mata. Daga nan sai cacar baki, sai ƙara gaban mai unguwa ko dagaci, har ta iso zauren Hakimi. Wani aure a nan yake mutuwa. Kuɗin gida kuma ya ƙare wurin masu tallar magani ranar kasuwa, alhali cutar da ke jikin matar ba wanda ya duba ta.

Likitoci sun san dalilan zubewar gashi, kuma yawancinsu suna da sauƙin ganewa. Wanda ya san su yana iya kashe wutar husuma tun ba ta kama danga ba.

Yadda gashi ke tsira da yadda yake faɗuwa

A kan mutum akwai silin gashi wajen 100,000. Kowane sili yana da saiwarsa a cikin fata, kuma kowane yana da wa'adinsa. Yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana tsawo, sa'an nan ya tsaya ya huta kamar wata 3, kana ya faɗi, sabo ya tsiro a gurbinsa. A kowane lokaci kusan tara cikin goma suna tsawo, ɗaya yana hutu. Saboda haka mai cikakkiyar lafiya ma yakan zubar da sili 50 zuwa 100 kowace rana.

A lura da wannan lissafi, domin yana warware tsoro mai yawa. Gashin da ya faɗi alhali kai yana kitse ba ya zuwa ƙasa, maƙalewa yake yi cikin kitson. Macen da ta yi mako 4 ba ta tsefe ba, ranar tsifa za ta iya ganin sili 1,400 zuwa 2,800 a lokaci guda. Wannan ba cuta ba ce, tarin kwana 28 ne.

Iri na farko: zubewa bayan wahala

Idan jiki ya gamu da babbar wahala, sai saiwoyi masu yawa su bar aikin tsawo su shiga hutu tare, har su kai uku cikin goma. Da yake hutun wata 2 zuwa 3 ne, gashin ba ya zuba ranar da abin ya faru. Sai an jima, an fara mantawa, sa'an nan ya soma zuba dunƙule dunƙule, wurin wanka da wurin tsifa da kan matashi. Wani likitan fata na Amurka, Albert Kligman, shi ya bayyana wannan hali ya sa masa suna a 1961.

Wannan jinkiri shi ne tushen zargi. Matar takan duba abin da ya faru jiya ko shekaranjiya, wa ya shigo ɗakinta, wa ya taɓa mata kai, wa ya ba ta abinci. Abin da ya kamata a duba kuwa yana can baya da wata uku. Abubuwan da suka fi jawo shi su ne zazzaɓi mai zafi irin na cizon sauro ko taifot, da haihuwa ko ɓari, da zubar jini mai yawa, da aikin tiyata, da yunwa ko rama ta farat ɗaya, da firgita ko baƙin ciki mai tsanani.

Jama'ar wannan yanki sun san wahala irin wannan. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya cinye tsibirai da garuruwa, aka tashi mutum fiye da 40,000 daga mazauninsu, cikinsu har da Gungawa da yawa. A daminar 2020 ambaliya ta shafe gonakin shinkafa a Jihar Kebbi. Ran 26 ga Mayu 2021 jirgin ruwa ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Warra, waɗanda suka tsira kaɗan ne. Ran 17 ga Yuni na wannan shekara 'yan bindiga suka kwashi ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, wasu 'yan matan ba su dawo ba sai 2023. Uwar da ta rasa ɗa a ƙarshen Mayu, a bisa lissafin likita, wajen watan Agusta ne gashinta zai soma zuba. Haka matar da mijinta ya rasu: zubewar takan faɗo tsakiyar takaba, ba ta ankara sosai sai ranar da ta fita ta zauna gaban makitsiya. Mai jego kuwa tata takan zo bayan arba'in, tsakanin wata 2 da wata 4 da haihuwa.

Labari mai daɗi shi ne, saiwoyin ba su mutu ba. Irin wannan zubewa ba ta kai mace ga sanƙo, kuma galibi takan tsaya da kanta cikin wata 6 in dalilin ya kau. Alamar dawowa ita ce gajerun gashi a tsaye bakin goshi da gefen tsaga. Amma gashi ba ya wuce kamar santimita 1 a wata, saboda haka kafin kai ya cika kamar da, sai a yi shekara ko fi. Sannu ba ta hana zuwa.

Iri na biyu: raguwar gashi lokacin ɗaukewar al'ada

Yawancin mata al'adarsu takan ɗauke tsakanin shekara 45 da 55. Ana tabbatar da ta ɗauke in an yi wata 12 cur ba a gan ta ba. A wannan lokaci wani sinadari na jikin mace, wanda likitoci ke kira istrojin, yakan ragu ƙwarai. Yana cikin abubuwan da ke tsawaita wa'adin gashi. In ya ragu sai wa'adin ya gajarta, silin da ke tsirowa ya fito siriri, bai kai na da kauri ba. Gado ma yana da hannu a ciki, ta wajen uwa ko ta wajen uba.

Wannan iri ba ya zuwa da gaggawa, kuma ba a cika ganin gashi a ƙasa ba. Abin da ake gani shi ne tsagar tsakiyar kai tana ƙara faɗi, fata tana bayyana a tsakar ka, jelar kitso tana sirancewa shekara bayan shekara, bakin goshi kuwa galibi yana nan. Sau da yawa yakan zo tare da zafi mai tasowa daga ƙirji zuwa fuska, da gumin dare, da rashin barci, da saurin fushi. Waɗannan duka halin shekarun ne. Ba taɓin aljani ba ne, ba kuma abin gori ba ne.

Shi wannan ba ya komawa da kansa kamar na farko, amma ana iya rage masa gudu. Akwai maganin shafawa mai suna minoxidil, mai ƙarfin kashi 2 ko kashi 5 cikin ɗari. Sai an yi wata 4 zuwa 6 ana shafawa kullum kafin a ga amfaninsa, a makonnin farko ma zubewar takan ɗan ƙaru. Ba kowa yake yi wa aiki ba, in an bari kuma gashin da ya samu yakan sake zuba. Mai ciki da mai shayarwa ba sa amfani da shi. Lalle ne a tambayi likita kafin a saya.

Ana iya samun iri biyun nan tare a jikin mace guda, domin shekarun ɗaukewar al'ada su ne kuma shekarun rasuwar iyaye da miji, da ɗawainiyar aurar da 'ya'ya.

Iri na uku: ɓarnar hannu

Kitso mai tsauri, da ƙarin gashi mai nauyi, da ɗaurin zare da ƙarfi, suna jan saiwa har ta gaji. Ana gane wannan da cinyewar gashi a bakin goshi da saman kunnuwa. In an sassauta da wuri yakan dawo. In aka yi shekaru ana ja, saiwar takan mutu, wurin ya yi sumul, ba kuma maganin da zai tsiro da shi. Man miƙar da gashi shi ma yana karya sili, yana ƙona fata in an bar shi ya daɗe. Kitson da ya hana mace barci, ko ya fito da ƙuraje a bakin tsaga, ya yi tsauri, a kwance shi.

Alamun da ke bukatar asibiti

Wani lokaci zubewar gashi saƙo ne daga wata cuta da ke ɓoye. Ga alamun da ba a zama da su a gida:

1. Kasala, da haki in an hau tudu, da jiri, da farin ido ko farin tafin hannu. Wannan ƙarancin jini ne. A bakin tafki yana da ƙofofi da yawa: zazzaɓin cizon sauro, da tsargiya, da tsutsar ciki, da haihuwa kusa kusa, da yawan zubar jinin al'ada gab da ɗaukewarta.

2. Kumburi a gaban wuya, watau maƙoƙo, ko yawan jin sanyi da nauyin jiki, ko bugun zuciya da rama ba dalili.

3. Gashi ya zube a wuri guda, kewayayye kamar kwabo, fatar sumul. Wannan shi aka fi jingina wa aljanu. Cuta ce da likitoci suka sani, ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, sau da yawa kuma gashin yakan dawo.

4. Ƙaiƙayi da ɓawo da karyewar gashi irin na makero. Shi yana yaɗuwa ta matsefi da aska da matashi, kuma maganin sha yake bukata.

5. Zafi ko raɗaɗi a tsakar ka, wurin yana faɗaɗa yana sheƙi. A hanzarta, domin abin da ya zama tabo ba ya tsiro.

6. Zubewar da ta wuce wata 6 ba ta lafa ba.

7. Ganin jini bayan al'ada ta ɗauke da shekara guda. Wannan ba shi da jira ko na mako ɗaya.

A fara da asibitin da ya fi kusa, inda za a auna jini. In abin ya fi ƙarfinsu sai su tura Babban Asibitin Yauri, ko Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Wadda ke shan wani magani na asibiti ta faɗa wa likita, domin wasu magunguna suna zubar da gashi, amma kada ta daina sha da ra'ayin kanta.

Abin da za a yi a gida

Gashi abinci yake ci. Ƙasar nan kuwa ba ta rasa abin da yake bukata ba: kifi ɗanye da busasshe, musamman ƙananan da ake ci da ƙayarsu, da wake, da gyaɗa, da ƙwai, da hanta, da ganyen zogale da rama da alayyafo. Lemo ko tumatir tare da abinci yana taimakon jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe da ke gina jini, shayi kuwa yana hana shi, saboda haka a raba shan shayi da lokacin cin abinci. A yi amfani da gishiri mai sinadarin aidin. Maigida ya lura kada a kai kifi duka kasuwa a bar uwargida da gayan tuwo.

A wanke kai a kai a kai, wanki ba ya ƙara zubewa. A tsefe a hankali da matsefi mai faɗin haƙora, daga baki zuwa gindi. Man kaɗanya da man shanu suna tausasa gashi su rage karyewa, wannan amfaninsu ne na gaskiya, amma ba sa tayar da saiwar da ke hutu. Aske kai ma ba ya sa gashi ya fito da kauri. A guji shafa abu mai ƙuna, da kwalbar da ba ta da lambar NAFDAC, da duk mai tallar da ya yi alkawarin gashi cikin mako guda.

Abin da ake roƙon Hakimai da malamai

Idan ƙarar sammu a kan gashi ta zo gabanku, kafin a saurari wanda ake zargi, a sa wata dattijuwa ta tambayi matar a keɓe: shekarunta nawa, al'adarta tana zuwa ko ta ɗauke, me kuma ya same ta wata biyu ko uku da suka wuce? Malam ya rubuta ranar da zubewar ta soma, ya ƙirga baya. Sau da yawa a nan za a tarar da zazzaɓi, ko haihuwa, ko rasuwa, ko gonar da ruwa ya ci. A rubuta wannan a ba ta ta kai wa malamin asibiti, zai rage masa aiki.

A tara ungozomomi da makitsa a karanta musu wannan takarda, domin makitsiya ce ke fara ganin abin da miji ma bai gani ba, kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A ja kunnensu su riƙe asirin kan da aka buɗe musu.

Bayan kowace masifa ta gari, ko nutsewar jirgi, ko ambaliya, ko hari, malam ya sa alama a littafinsa, bayan wata biyu a aika a sanar da mata cewa wasu za su ga gashinsu yana zuba, kada su tsorata, kada kuma su zargi kowa. A sa ido kan wadda baƙin ciki ya hana ta ci ko barci makonni da yawa, a kai ta asibiti, don ita ciwonta ya wuce na gashi.

A ƙarshe a gargaɗi mazaje. Matar da ta kai waɗannan shekaru ita ce ta haifi 'ya'yan gidan ta raine su. Ba'a da gori a kan gashinta suna ƙara mata damuwa, damuwar kuma ta ƙara zubewar. Kyakkyawar magana, da kuɗin mota zuwa asibiti, da nata rabon kifi a tukunya, su ne haƙƙinta a kansa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.