Halittun da ido ba ya gani a ruwan tabki

A Damargu, daga Tanut zuwa Belbeji, tabkunan damina su ne madogarar makiyaya da ƙauyuka da dama har zuwa lokacin da za su ƙafe. Ruwa irin wannan cike yake da ƙananan halittu, wasu sai da madubin ɗakin bincike ake ganinsu.

Wadda ta fi ba masana mamaki ita ce tardigired, mai ƙafa 8, wadda galibi ba ta kai milimita 1 ba. Wani Bajamushe, Johann Goeze, ya fara bayyana ta a 1773. Idan ruwa ya ƙafe, sai ta dunƙule ta bushe kamar ƙura, ta kwashe shekaru a haka, ta farfaɗo da zarar ta jiƙa. A 2007 an kai ta sararin samaniya, wasu suka dawo da rai. Danginta na bakin teku, irin su Halobiotus crispae da ake samu a gaɓar Denmark, kan jure hawa da saukar gishiri a ruwa.

Ita dai ba ta cutar da mutum. Mai ɓarnar ita ce saikulof, wadda ke ɗauke da tsutsar kurkunu. Wanda ya sha ta a ruwan da ba a tace ba, bayan kusan shekara tsutsar ke ɓullo masa, galibi a ƙafa, sau da yawa ana tsakiyar aikin gona.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da kurkunu a 2013. Sai dai har yanzu ana samunsa a makwabciyarta Chadi, jikin karnuka da mutane ƙalilan.