Ƙarar kunne da rashin barci: yadda ɗan ƙaramin sauti ke taimakawa da dare

Idan dare ya tsala, sawu ya ɗauke a sansani, akwai mutanen da a lokacin ne wahalarsu ke farawa. Da rana suna layin ruwa, suna hira, suna hidimar yara, abin bai cika damunsu ba. Da zarar sun kwanta a tabarma sai kunne ya soma. Wani ya ji kamar kukan gyare, wani kamar fito, wani kamar tukunya na tafasa, wani kuma shuuu kawai ba yankewa. Ya tambayi na kusa da shi ko ya ji, a ce masa babu komai. Haka zai yi ta juyi har kiran asuba, ya tashi da nauyin kai da saurin fushi.

In kai ne, ko wani a gidanka, ku sani abin yana da suna. Likitoci masu Turanci na kiransa tinitus, masu Faransanci kuma akufen. Ba alamar taɓin hankali ba ce, kuma ba sai an danganta shi da iska ko sammu ba. Wani babban nazari da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa manya fiye da miliyan 740 a duniya na jin wannan ƙara, kusan mutum ɗaya cikin bakwai ke nan, kuma ta yi wa sama da miliyan 120 tsanani.

Daga ina ƙarar take fitowa?

Bayan dodon kunne, can ciki, akwai wani ɗan sashe mai siffar katantanwa. A cikinsa akwai ƙananan gasu fiye da 15,000 a kowane kunne, waɗanda ke karɓar sauti su aika wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi na kwantar da su ko ta kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hirar mutum biyu wajen 60 ce. Abin da ya haura 85, kamar injin niƙa, yana lalata ji idan aka daɗe kusa da shi kullum. Harbin bindiga ya wuce 140, sau ɗaya ma ya isa ya yi ɓarna. Fashewar bam kuwa har dodon kunnen takan fasa.

Shi ya sa wannan lalura ta shafe mu kai tsaye. Iyalai da yawa da suka baro Borno, Yobe da Adamawa, ko suka tsallako daga Sakkwato, Zamfara da Katsina, sun ji harbi da fashewa a kusa da su kafin su tsira. Ko a Amurka, ƙarar kunne ce lalurar da ta fi yawa a cikin tsofaffin sojojin da ake biya diyya.

Duk wanda ya taɓa murɗa rediyo ya san abin da ke biyo baya. Idan tasha ta yi rauni, sai ka ƙara murya don ka ji, amma abin da ke ƙaruwa shi ne shuuu ɗin. Haka ƙwaƙwalwa take yi. Idan saƙon da ke zuwa daga kunne ya ragu, sai ta ƙara wa kanta ƙarfin saurare, har ta riƙa jin motsin jijiyoyinta a matsayin sauti.

Ba ƙara kaɗai ke kawo shi ba. Dattin kunne da ya toshe hanya, ciwon kunne mai fitar da ruwa, bugu a kai, tsufa, hawan jini da ƙarancin jini duk suna iya kawo shi. Sanƙarau da zazzaɓin Lassa kan bar mutum da raunin ji bayan ya warke. Akwai kuma magunguna: kwinin na zazzaɓin cizon sauro, asfirin idan an sha da yawa, allurar jentamaisin, da wasu alluran tarin fuka. Ƙarar da kwinin ya kawo yawanci takan tafi bayan an gama shan maganin. Amma kada kowa ya daina maganin da likita ya rubuta masa da kansa. A koma a faɗa masa, shi zai san ko a canja.

A fara da asibiti

Kafin maganar sauti, a bari ma'aikacin lafiya ya leƙa kunnen. Sau da yawa datti ne kawai ko ciwo, a wanke ko a ba da magani, ƙarar ta ragu. Akwai kuma alamomin da ba a kwana da su. Idan ji ya ɗauke farat ɗaya, musamman a kunne ɗaya, a je ran nan, domin maganinsa ya fi aiki a kwanakin farko. Haka ma idan ƙarar na bugawa daidai da bugun zuciya, ko ta zo bayan faɗuwa ko bugu a kai, ko tana tare da jiri mai tsanani, karkacewar fuska, jini ko mugunya daga kunne, ko zazzaɓi da sanƙarewar wuya. Ƙarar da ta tsaya a kunne ɗaya kawai ita ma tana son bincike ko da ba ta da zafi.

Kada a zuba man gyaɗa mai zafi, ruwan albasa, kananzir ko ruwan ganye a kunne, kada kuma a sosa shi da tsinke, ashana ko gashin kaza. Idan dodon kunne ya fashe, abin da aka zuba zai wuce ciki ya jawo ciwo. Shi kansa dodon kunnen yawanci yakan haɗe da kansa cikin makonni idan aka hana ruwa shiga.

Me ya sa shiru ke ƙara abin?

Gyare na kuka a bayan kasuwa ma, amma wa ke jin sa ranar da kasuwa ke ci? Sai an watse, wuri ya yi tsit, sannan kukansa ya cika ko'ina. Ƙarar kunne ba ta cika ƙaruwa da dare ba, abin da ke rufe ta ne ya tafi.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan nauyi. Mutumin da ya kwana a daji yana kasa kunne ko zai ji babura na tafe, ko matar da ta saba kwana da takalmi a ƙafa da yaro a goye, jikinsu ya koyi cewa dare lokacin tsaro ne. Ko bayan an iso inda ba harbi, kunne bai ajiye aikin gadi ba. Da ya ji wannan fito sai ya ɗauke shi a matsayin haɗari. Zuciya ta buga, barci ya gudu, rashin barcin ya sa gobe ƙarar ta fi damu, damuwar kuma ta sake hana barci. Haka abin ke zagayawa. Mutum biyu na iya jin ƙara iri ɗaya, ɗaya ya yi barcinsa, ɗayan ya kwana zaune. Bambancin yana ga yadda ƙwaƙwalwa ta ɗauki ƙarar.

Nan ne amfanin sauti mai laushi yake. A ƙasashen da ke da hali ana sayar da wata ƙaramar na'ura mai kama da rediyo, aikinta kawai fitar da sauti marar canjawa: ruwan sama, kwararar rafi, iska, ko shuuu irin na fanka. Ana kunna ta a ɗakin kwana. Sautin yana cike shirun, ƙarar kunnen ta daina tsayawa ita kaɗai a fili, kuma ƙwaƙwalwa ta sami abin saurare da ba ya ba ta tsoro. Da tafiya ta yi nisa sai ta saba, kamar yadda wanda ya tare kusa da titi yakan daina jin motoci bayan 'yan watanni.

Gaskiyar magana, sauti ba ya warkar da kunne, kuma bincike bai nuna cewa shi kaɗai yana kawar da ƙarar ba. Duk wanda ya zo yana tallar na'ura, ƙwaya ko ɗigon kunne da sunan zai cire ta baki ɗaya, kuɗinku yake so. Abin da sauti ke yi wa mutane da yawa shi ne sauƙaƙa lokacin kwanciya. Ga wanda ya yi wata uku bai yi barcin kirki ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ke hannunmu

Ba sai an sayi na'urar ba. Ƙaramin rediyo mai murɗawa, a kai shi tsakanin tashoshi biyu na FM inda ba magana sai shuuu, ya yi aikin. Ƙaramar fanka mai caji ma haka, ga kuma iska lokacin zafi. Fitilun hasken rana da yawa suna da wurin cajin waya, wasu har da rediyo a jiki.

Mai waya, ko da ƙarama ce mai katin ajiya, zai iya ɗaukar sautin da kansa. Idan damina ta sauka, a naɗi ƙarar ruwa a kan tamfol ko kwano na minti goma, a sa wayar ta riƙa maimaita shi. Wanda ya sami intanet ya sauko da sautin awa ɗaya, ya tura wa maƙwabta ta Bluetooth. A rage hasken fuskar wayar don caji ya kai safe.

Zaɓin sautin na mai shi ne, kuma a nan ana son lura. Wanda ambaliya ta cinye wa gida ba lallai ruwan sama ya kwantar masa da hankali ba. A guji naɗin da ke da tsawa a ciki, ko wani gurnani mai kama da inji, domin zai iya farkar da abin da ake ƙoƙarin mantawa. Labarai da wasan kwaikwayo na rediyo suna jan hankali ya bi magana, don haka ba su dace da lokacin barci ba. Wasu kuma sun fi samun natsuwa da karatun Alƙur'ani ko waƙoƙin ibada a hankali kafin barci ya ɗauke su. Idan ka gwada wani sauti ka ji zuciyarka ta tashi, ka bar shi ka nemi wani.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙure murya don a danne ƙarar gaba ɗaya. Masana ji na ba da shawarar a ɗaga sautin sannu a hankali har ya fara cakuɗuwa da ƙarar kunnen, sannan a tsaya, yadda za a riƙa jin su duka biyu. Ƙwaƙwalwa ba za ta saba da abin da ba ta ji ba, kuma idan aka danne shi da ƙarfi, da an kashe rediyon sai ya dawo kamar ya ƙaru. Ma'auni mai sauƙi: idan matarka ko mijinki ya yi magana ƙasa-ƙasa daga gefen tabarma, a ji shi sarai. Dole ne a iya jin kukan jariri, tarin maras lafiya, ko ihun gobara daga waje.

A ajiye rediyon ko wayar kamar nisan hannu daga kai. Kwana da abin saurare a cikin kunne ba shi da kyau: yana tara datti da gumi, yana toshe jin abin da ke faruwa, kuma cikin barci ba a sanin murya ta yi yawa. Kada a yi cajin waya a ƙarƙashin matashi ko bargo, batir na zafi, tanti kuma ba ya jure wuta. Jarirai a nisanta su da sautin kamar mita 2, a kuma rage shi sosai.

Ɗaki ɗaya ne da mutane shida ko takwas, don haka a yi shawara da mutanen gida tun kafin dare. A bayyana musu dalili. Sau da yawa yaran ma sun fi yin barci da shi, domin yana rufe motsin maƙwabta. A ba abin mako biyu ko uku kowane dare kafin a ce bai yi ba. Sabo na sosai kuwa watanni yake ɗauka.

Sauran abin da ke taimakon barcin an san shi: a bar shayi mai kauri, goro, kofi da taba tun daga la'asar, a rage dogon barcin rana. Tiramol da ƙwayoyin barci na masu talla a kasuwa suna jefa mutum cikin wata matsalar da ta fi ta farko. Wanda ke aiki a injin niƙa ko kusa da janareta ya nemi abin toshe kunne na aiki, ya kuma riƙa fita yana hutawa.

Idan jin mutum ya ragu, na'urar ƙara ji takan rage ƙarar kunnen ma, tunda tana mayar wa ƙwaƙwalwa sautin da ta rasa. A tambaya a asibitin sansani ko za a iya tura mutum gwajin ji.

Hanyar da bincike ya fi tabbatar da amfaninta wajen rage damuwar wannan ƙara ita ce zama da mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, wanda zai koya wa mutum yadda zai kwance tsoron da ya ɗaure da ita. Wanda ke mafarkin abin da ya faru, ko yake firgita da ƙarar rufe ƙofa, ya fi kowa bukatar wannan zama, kuma ba abin kunya ba ne ga namiji ko mace. Jin muryoyi suna magana ko suna ba da umarni wani abu ne daban da ƙarar kunne, shi ma a kai shi can. Idan kuwa abin ya kai mutum ga tunanin raba kansa da duniya, kada a jira gari ya waye, a faɗa wa wani na kusa, a tafi asibiti tare.

Yara ba su cika faɗa ba, domin suna zaton kowa haka yake ji. Yaron da ya ga tashin hankali, yana yawan toshe kunne, yana tsoron kwanciya, ko malami ya ce ba ya saurare a aji, a tambaye shi a hankali ko yana jin wani kuka a kunnensa. Ranar zuwa asibiti, babba ne ko yaro, a shirya amsar waɗannan: wane kunne ne, yaushe ya fara, me ya faru kafin ya fara, kuma yana yankewa ko ba ya yankewa. A tafi da kwalin duk maganin da ake sha, har da wanda aka saya a kasuwa.